Kyamara Mai Saita Kanta

Ranar Juma'a ce a kasuwar Wudil, zamanin da ba ka ganin hotonka sai an kai fim an wanko. Bakano da Bazazzagi, dukansu masu hoto, sun kafa sana'a a bakin kara.

Bazazzagi: Kai bawana, har yanzu kana fama da wannan tsohuwar Yashica FX-3? Tun 1979 fa aka fara ƙera ta.

Bakano: Ta ci maka wani abu ne? Batir ɗinta 'yan ƙwayoyi biyu, su ma don awon haske kawai. Ko sun mutu tana ɗauka. Taka fa?

Bazazzagi: Minolta 7000 ke nan, fitowar 1985, daga Japan. Inji ne a cikinta. Ka ɗan taɓa maɓalli, ita za ta murɗa gilashinta ta yi saiti da kanta. Harkar ilimi ce, ba ta 'yan tireda ba.

Bakano: Batir nawa take ci?

Bazazzagi: Huɗu.

Bakano: Inna lillahi! Ashe mata huɗu ka ajiye, kuma duk kai ke cefane.

Suna cikin haka sai ga Bafulatani da amaryarsa, saniya ja mai dogayen ƙaho tana biye da su. Aka daidaita kowa ya ɗauka, wanda nasa ya fi kyau shi za a biya. Amarya dai, saboda kunya, ta tsaya can nesa da mijin, har jaki zai iya wucewa ta tsakaninsu.

Bakano: Baffa, riƙe sandarka a tsaye. Yawwa. Kada ka motsa, na gan ta a karye.

Bafulatani: Aradu lafiyarta ƙalau! Wa ya karya ta?

Bakano: A cikin kyamara nake nufi. Akwai 'yar da'ira a tsakiya da ta rabu biyu. Sai na yi ta murɗawa har sandar ta haɗe, sannan na san saiti ya yi.

Bafulatani: To ɗora ta da kyau, ta gado ce.

Bakano ya murɗa hagu, ya murɗa dama, ya goge ido da hannun riga (ido ya fara tsufa, amma kuɗin tabarau yake ji). Sai da murmushin amarya ya bushe sannan aka ji ƙyas.

Bazazzagi: Matsa ka ga aiki.

Ya auna farar rigar Bafulatani. Kyamara ta yi zuuu gaba, ta yi zuuu baya, ta ƙi ɗauka.

Bafulatani: Malam, ƙudan zuma ka kulle a ciki?

Bazazzagi: A'a, rigarka ce ba ta da zane. Ita sai ta ga inda haske ya yi iyaka da duhu take kamawa.

Ya ja da baya, ya sa su biyun cikin hoto. Nan take ta kama, ƙyas! Ya kalli Bakano yana hura hanci.

Juma'a ta zagayo, aka kawo hotuna. Na Bakano ya fita tas, har tsagar fuskar amarya ana ƙirgawa, saniya kuwa dishi-dishi a baya. Na Bazazzagi, ango da amarya kamar an hango su cikin hazon hunturu, amma ga saniya a tsakiya garau, har ƙudan da ke kan hancinta.

Bakano: Ka ga ilimi! Ido ɗaya gare ta, a tsakiya yake, ya bi ta tsakaninsu ya faɗa kan saniya. Da ka auna fuskar ango ka riƙe maɓallin rabi, sannan ka juya. Wannan ko ni ɗan tireda na sani.

Bafulatani ya daɗe yana kallon hotunan biyu. Ya miƙa wa Bakano nasa.

Bafulatani: Kai ka sa wa naggena ciwo. Ita amarya kullum ina ganinta a ruga, naggen kuwa yau zan sayar. Malam, wanko mini irin wannan guda biyar. Kuma mako mai zuwa zan koro sauran garken.

Bakano ya yi shiru, yana lissafi da yatsu.

Bakano: Baffa, shanu nawa ne a garken?

Bafulatani: Ba a ƙirgawa.

Bakano: Malam Bazazzagi, ranka ya daɗe, nawa ka ce batir ɗin nan?