Abin da ba a gani ranar da aka yaye ƙyalle

Ranar buɗe wani babban aikin sassaƙa a tsakiyar gari, manya ne ke zama a sahun gaba. A yi jawabai, a ja igiya, ƙyalle ya faɗi, a tafa. Wanda ya yi aikin kuwa yana can gefe, wani lokaci ko sunansa ba a kira. Abin nan yana ci mini rai, domin na lura kallo biyu ake yi wa masu wannan sana'a: ko dai a ce 'yan gata ne masu yawon duniya da kuɗin jama'a, ko a ɗauke su kamar kowane ɗan kwangila da za a ce wa ya kawo kaya nan da wata uku. Ni a ganina, aikin da ake so ya tsaya a fili shekara ɗari yana cin tafiya, yana cin lokaci, yana cin hannaye masu yawa. Hukumar da ta hana mai aiki waɗannan, kada ta yi mamaki in ta wayi gari da abin kunya a dandalinta.

Mu fara da tafiyar, tunda ita aka fi yi musu gori a kai. A 1505 Paparoma Julius na biyu ya ba Michelangelo, shahararren mai sassaƙa na Italiya, aikin kabarinsa. Kafin ya sari komai, sai da ya yi wata takwas a ma'aikatar fasa dutse ta Carrara, a Italiya, yana zaɓen dutse. Dutsen marmara yana da jijiyoyi da tsaga a ɓoye. In ka aika wani ya zaɓo maka, kana iya shekara kana aiki, sai ka zo kan wuya ko hannu dutsen ya dare, komai ya tashi a banza. Shi ma Mahmud Mukhtar na Masar, da zai yi aikinsa na Nahdat Misr da aka buɗe a Alƙahira a 1928, sai da aka je har Aswan aka yanko irin dutsen da magabatansa suka yi aiki da shi dubban shekaru da suka wuce.

Bartholdi kuma, wanda ya yi mutum-mutumin 'yanci na birnin New York, labarin aikinsa labarin hanya ne tun daga tushe. Yana saurayi ya je Masar a 1855, ya ga manyan sassaƙe-sassaƙen da ke bakin kogin Nilu, abin ya zauna masa a rai. A 1869 ya kai wa mai mulkin Masar na lokacin shawarar a kafa wani ƙaton aiki a mashigin Suez, ba a karɓa ba. A 1871 ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka, yana shiga tashar New York ya hango ɗan tsibirin da kowane jirgi sai ya wuce ta gabansa, ya ce nan ne wurin. Daga wannan hange zuwa ranar buɗewa a watan Oktoba na 1886, shekara 15 ke nan na neman kuɗi da lallashin 'yan siyasa da ƙira. Da ya zauna a Paris yana duba taswira, da bai san abin da mai shigowa ta teku yake fara gani ba. Gani ya kori ji.

Kuma tafiyar ba ta mutum kaɗai ba ce, har da kayan. Shi wannan aikin an kwance shi gunduwa 350, aka zuba a akwatuna 214, aka ƙetare teku da shi a 1885. Akwai kuma kwastan. A 1926 Constantin Brancusi, mutumin Romaniya da ke zaune a Paris, ya aika wani aikinsa na tagulla zuwa Amurka, siriri mai sheƙi, wanda ke nuna tashin tsuntsu ba tare da fiffike ko baki ba. Jami'an kwastan suka ce wannan ba aikin fasaha ba ne, ƙarfe ne kawai da aka sarrafa, sai an biya masa haraji. Sai da aka je kotu, a 1928 alƙalai suka ba shi gaskiya. Shekara biyu mutum yana shari'a don a yarda cewa abin da ya yi aiki ne.

To amma rabin rayuwar nan a cikin ɗakin aiki take, inda ba mai gani, kuma nan nake so mu ɗan dakata. Babban aiki yana farawa ne da ɗan ƙaramin samfuri da bai wuce tsawon hannu ba. In an amince da shi, sai a haɗa ƙashi na ƙarfe da katako, a riƙa ɗora yumɓu a kai. Yumɓun nan ba ya son a bar shi ya bushe. Kullum da yamma sai an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, in an yi sakaci ya tsattsage. Sanyi ma abokin gaba ne. Auguste Rodin, mai sassaƙa na Faransa, yana matashi, ba shi da kuɗin ɗumama ɗakinsa, wani kan mutum da ya daɗe yana ginawa ya daskare a hunturu, ƙeyar ta ɓalle ta faɗi, fuskar kaɗai ta rage masa.

In tagulla za a zuba, nan wata doguwar hanyar ta fara. A ɗauki siffar jikin yumɓun a cikin mazubi, a shafa kaki a ciki, kaurinsa bai wuce 'yan milimitoci ba. A fito da kakin, a gyara shi da hannu, a manna masa hanyoyin da ƙarfe zai bi da waɗanda iska za ta fita. A rufe shi da ɓawo mai jure wuta, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Sannan a narka tagulla, zafinta ya haura digiri 1,000, mutum biyu ko uku su ɗauko tukunyar da dogayen ƙarafa su tsiyaya a hankali, ba gaggawa ba tsayawa. In iska ta maƙale a wani lungu, sai a fasa ɓawon a tarar yatsa ko kunne bai fito ba. In kuma an dace, ba a gama ba: sai an yanke hanyoyin nan, an haɗa gunduwoyin da walda, an bi kowane ɗinki da magagari har ido ba zai gane inda aka haɗa ba, sannan a ba shi launi da wuta da sinadari. Wanda ya ce a yi masa wannan cikin wata uku, bai san abin da yake nema ba.

Akwai kuma haɗari, wanda ba kasafai ake faɗa ba. Ƙurar dutse tana taruwa a huhu, ba ta fita, sai bayan shekaru numfashi ya fara gagara. Nauyin kayan kansa yana kisa. A 2006 Luis Jiménez yana cikin ɗakin aikinsa a jihar New Mexico, yana haɗa wani ƙaton doki mai tsawon kusan mita 10 da filin jirgin saman Denver ya ba shi kwangila, wani sashe ya kuɓuce ya faɗo masa, ya tsinka masa jijiyar jini a ƙafa, ya rasu. Sai a 2008 aka kafa dokin, bayan wasu sun ƙarasa shi.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake ganin masu sassaƙan su ma ba su cika yi wa adalci ba, wato sauran hannayen. Fatar mutum-mutumin New York jan ƙarfe ne da kaurinsa bai kai milimita 3 ba, maƙera ne suka buga shi da guduma a kan katako, kuma ƙashin da ke riƙe da shi Gustave Eiffel ne ya tsara. Aikin Antony Gormley da ake kira Angel of the North, wanda aka kafa a Gateshead ta Ingila a 1998, tsayinsa mita 20, faɗin fikafikansa mita 54, ƙarfensa kusan tan 200. Ma'aikatan ƙarfe na Hartlepool ne suka ƙera shi, injiniyoyi kuma suka binne tan 600 na kankare a ƙarƙashinsa don kada iska ta kayar da shi. El Anatsui, ɗan Ghana da ya fara koyarwa a Nsukka a 1975, manyan shimfiɗunsa na murafen kwalba matasa ne masu yawa ke zama suna daddaɓe murafen suna ɗinke su da waya. Ban ce tunanin ba na mai aikin ba ne, nasa ne. Amma allon da ake liƙawa a gindin aiki yana da wurin da zai ɗauki sunan mai walda da mai zubi, kuma ya kamata ya ɗauka.

Na san akwai masu karanta wannan da zuciyarsu ba ta kwanta da siffar mai rai ba, kuma ina girmama hakan. Sai dai sassaƙar fili ta fi siffar mutum faɗi nesa ba kusa ba. A shekarun 1970 da 1980, magajin garin Jidda, Muhammad Sa'id Farsi, ya cika shataletale da bakin tekun birnin da ɗaruruwan ayyuka, ciki har da na Henry Moore da Joan Miró da Alexander Calder, da wani ƙaton keke da Julio Lafuente ya haɗa. A Washington, abin tunawa da sojojin Amurka da suka mutu a yaƙin Vietnam baƙin bango ne kawai da sunaye kusan 58,000 a jikinsa. Maya Lin tana da shekara 21, tana ɗaliba, tsarinta ya yi nasara cikin 1,421 da aka gabatar a 1981. Ta je ta ga filin da idonta kafin ta zana. An zage ta sosai a lokacin, yau kuma mutane suna zuwa su ɗora yatsa a kan sunan ɗansu ko mahaifinsu, suna ganin fuskarsu a jikin dutsen.

Inda abin yake da wuya shi ne in mai aiki da mutanen gari suka saɓa. Wa ke da gaskiya? Ni dai ba na ba ɓangare ɗaya kullum. Birnin Calais na Faransa ya nemi Rodin ya yi abin tunawa da mutane shida da suka miƙa kansu ga sarkin Ingila a 1347 don a bar garinsu. Masu gari jarumi suke so, mai ɗaga kai. Shi kuwa ya yi mutum shida ba takalmi, da igiya a wuya, kowa da irin tsoronsa, kuma ya so a ajiye su ƙasa-ƙasa, yadda mai wucewa zai ji kamar yana cikinsu. A 1895 aka ɗora su a kan dogon dandamali aka kewaye da shinge. Ya rasu a 1917, sai bayan rasuwarsa aka sauko da su. A nan Rodin ne ke da gaskiya, domin ya fi masu garin fahimtar labarin garinsu.

Amma dubi na Richard Serra. A 1981 ya kafa wani bangon ƙarfe, Tilted Arc, mai tsawon mita 37 da tsayi sama da mita 3 da rabi, ya ratsa tsakiyar wani dandali a gaban ofisoshin gwamnati a New York. Ma'aikatan da ke bi ta wurin kullum suka ce ya tare musu hanya, ya tare musu gani. A zaman sauraron jama'a na 1985, mutum 122 suka ce a bar shi, 58 suka ce a cire, duk da haka kwamiti ya yanke a cire. Serra ya ce don wannan wurin kaɗai ya yi shi, cire shi daidai yake da rusa shi. A watan Maris na 1989 aka yanka shi gida uku cikin dare aka kwashe. Yadda aka yi masa bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, hukumar da ta ba shi aikin ita ce ta juya masa baya. Sai dai ba zan ɓoye ba, ina jin ma'aikatan nan ma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Serra ya auna dandalin, ya nazarci yadda mutane ke ratsa shi, amma su mutanen ba wanda ya zauna da su kafin a kafa. Zuwa wuri bai tsaya ga auna ƙasa ba, har da jin ta bakin waɗanda za su kwana su tashi da abin.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne aikin da ake sayowa kamar kayan kanti. A 2010 aka buɗe ƙaton mutum-mutumin nan na Dakar ta Senegal, mai tsayin kusan mita 50, wanda kamfanin Mansudae na Koriya ta Arewa ya ƙera. Kamfanin ya yi wa ƙasashen Afirka da dama irin wannan aiki, kuma duk wanda ya jera hotunansu zai ga hannu ɗaya ne. Wannan fa a ƙasar Ousmane Sow, mai sassaƙan da ya shafe shekaru yana aikin gashin ƙashi da tausar marasa lafiya, ya san jikin ɗan Adam ciki da bai, wanda a 1999 ayyukansa suka tara miliyoyin 'yan kallo a kan wata gada a Paris. Yana raye a lokacin, yana cikin Dakar.

Sai maganar da kusan kowace hukuma ke mantawa da ita: bayan an tafa an watse, wa zai kula da shi? Tagulla tana son a wanke ta a shafa mata kaki a kai a kai. Ƙarfe yana tsatsa daga ciki, ta inda ruwa ke kwanciya. Iskar teku mai gishiri ta ci ayyukan Jidda har sai da aka kira ƙwararru suka gyara wasu daga cikinsu aka tara su wuri ɗaya a bakin teku. Dogon ginshiƙin da Brancusi ya kafa a Târgu Jiu ta Romaniya a 1938, mai tsayin kusan mita 30, an bar shi shekaru yana lalacewa, sai da aka kwance shi gunduwa-gunduwa aka gyara tsakanin 1998 da 2000, kafin UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2024. Kuɗin wannan kulawa, da sunan ofishin da zai yi ta, a cikin takardar kwangila ya kamata su kasance tun ranar da aka sa hannu, tare da bayanin mai aikin na irin ƙarfen da ya yi amfani da shi da yadda ake wanke shi.