Harbi a wutsiya bai fi kuskure ba

Hausawa sun ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. A kasuwa na yarda da wannan magana, a neman aure ma wataƙila. A dawa ne ban yarda ba, kuma dalilina ya samo asali ne daga wani dunƙule da bai wuce girman goro ba.

Ina yaro, a wani ƙauye da ke gefen Lagdo a arewacin Kamaru, kawuna maharbi yana feɗe mazo sai wuƙa ta ci karo da wani abu a kafaɗa. Dunƙule ne fari mai tauri kamar jijiya. Da ya tsaga shi sai ga guntun darma a ciki, ta baje kamar an take ta.

"Wani ya riga ni," in ji shi.

Na ce, "Kawu, yaushe aka harbe shi?"

Ya shafa fatar wajen, ya ce, "Ya fi damina biyu, ɗana. Ba ka ga gashi ya rufe ba?"

Duk maharbin da ya daɗe a dawa yana da irin wannan labari, kuma ba ƙarya ba ne. Dabbar dawa tana da juriyar da ke ba mutum mamaki. Idan harbi ya tsaya a tsoka, hanyoyin jinin da suka yanke sukan tsuke, jini ya daskare ya toshe kafar. Dabbar ta nemi duhuwa ta kwanta, ta rage motsi, tana lasar wajen idan harshenta ya kai. Ƙarfen da jiki ya kasa fitarwa sai ya kewaye shi da wani nama mai tauri, ya kulle shi, kamar yadda na gani a kafaɗar mazon nan. Ƙashin da ya karye yakan haɗe da kansa, ko da a karkace, ba tare da maɗori ba. Ana ganin masu ƙafa uku suna kiwo tare da garke.

Inda aka fi bin diddigin wannan lamari shi ne Amurka, kan barewarsu mai ƙaho kamar rassan bishiya, wadda babu irinta a dajinmu. A ƙarshen shekarun 1990, a McAlester ta jihar Oklahoma, masu bincike sun ɗaura wa mazan barewa na'urar bin sawu a wuya. Maharba masu baka da kibiya suka harbi 22 daga cikinsu, suka ɗauki 11, sauran 11 suka ɓace musu. Cikin waɗanda suka ɓace, 3 ne rauni ya kashe, 8 suka rayu. Wani abin mamaki game da wannan barewa: ƙahonta faɗuwa yake yi duk shekara ya sake fitowa, kuma idan ta ji mummunan rauni a ƙafar baya, sau da yawa ƙahon ɗaya gefen ne ke fitowa a murɗe. Namu su gwanki da mariya da kanki ƙaho ɗaya suke yi har abada, in ya karye ya karye ke nan.

To, a nan ne muke yaudarar kanmu. Mutum ya yi harbi daga nesa, da magariba, dabba tana gudu, ya ga ɗigon jini biyu, ya rataya bindiga ya ce, "Za ta warke, ai naman dawa ne." Wannan kalma ta "za ta warke" ta fi zama maganin zuciyar maharbi fiye da na dabbar.

Warkewa ta dogara ne da inda harbin ya faɗa. Zuciya ko huhu biyu, mutuwa ce ta nan take ko ta 'yan mintoci. Tsoka, ko saman baya inda bai taɓa ƙashin gadon baya ba, akwai fata. Amma wadda aka sama a ciki ba ta da mafita: abin da ke cikin tumbi da hanji yana zuba cikin jiki, ciki ya ruɓe, ta ɗauki sa'o'i masu yawa, wani lokaci ta kwana ta wuni, kafin rai ya fita. Wadda aka fasa wa muƙamuƙi kuwa yunwa da ƙishirwa ne za su kashe ta, ga ciyawa ga ruwa a gabanta. Tsofaffin maharba suna karanta wannan a ƙasa kamar allo. Jini mai haske mai kumfa na huhu ne, mai duhu na hanta, in kuma ka ga ruwa kore-kore mai wari to ka fasa tumbi. Sun san cewa ba a bin irin wannan nan da nan, sai a bar ta ta kwanta jikinta ya yi sanyi, domin in ka tashe ta da wuri za ta yi nisan da ba za ka ƙara ganin ta ba.

Sannan dajinmu ba Oklahoma ba ne. Can da kaka da sanyi suke farauta, ƙuda ya yi ƙasa. Mu da rani muke yi, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu. Ƙuda na yin ƙwai a rauni, kafin kwana biyu tsutsa ta kama. Ruwa ya janye sai 'yan tafkuna a gadon Binuwai da Faro, kuma dabba mai ɗingishi dole ta je can, inda kura ta san za ta zo. Abin harbin ma ya bambanta. Kibiyar Ba'amurke kaifi ne da ita kamar aska, yanka take yi mai tsabta. Adakarmu ana ɗura mata ƙusa da guntayen ƙarfe masu tsatsa, su watsu a jiki ko'ina. Kibiyar kakanninmu da ake shafa wa dafin kwankwani, duk da muninta, aƙalla ba ta barin dabba tana jan ciwo na wata guda.

Mafi muni shi ne tarkon waya, wanda yanzu ake yi da wayar birkin babur. Harsashi sau ɗaya yake shiga, jiki ya fara gyara. Waya kuwa duk fizgar da dabba ta yi sai ta ƙara nutsewa, ta ci fata ta ci jijiya har ƙashi. Ko ta tsinke ta gudu, zoben yana nan a ƙafa, raunin ba zai taɓa rufewa ba. Mai tarkon kuma sai ya ga dama yake kewayawa.

Na san abin da za a ce mini: talaka ne, nama yake nema, harsashi tsada, kuma masu kuɗin da ke zuwa daga Turai su yi harbi a yankunan farauta da ke kewaye da gandun dajin Binuwai da na Buba Njida ba a hana su ba. Ban musa ba. Amma su waɗancan, komai ra'ayinka a kansu, suna tafe da masu bin sawu, kuma dabbar da suka raunata ana lissafa musu ita. Talauci kuwa hujja ce ta kada a ɓarnatar da harsashi, ba hujjar harbin sa'a ba.

Dokar Kamaru ta 1994, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2024, ta hana farautar dare da fitila, da farauta da wuta, da guba, kuma ƙa'idojinta sun ɗora wa wanda ya raunata dabba ya yi iya ƙoƙarinsa ya ƙarasa ta. Tun kafin doka ta zo malamanmu na zaure suna karantar da mu a Risala cewa abin da ka harba ka ci, matuƙar bai kwana ba ka same shi ba. Hadisi kuma ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa da yanka. Ban ga kyautatawa ba a barin mariya da ƙusa uku a ciki.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, yakan fita da harsashi biyu ya dawo da su biyun, mata suna yi masa tsiya. Ranar da ya raunata wata gada da la'asar, ya bi jini har duhu ya hana shi gani, ya karya reshe ya sa alama, ya kwana a gindin wata tsamiya. Da asuba ya ci gaba, ya same ta kwance a cikin sabara, bai fi taku ɗari ba daga inda ya kwana, da sauran numfashi. Ya yi bisimilla ya sa mata wuƙa.