Ba tsufan kalmomin harkar fim ne matsala ba, yaudararsu ce

Har yau muna cewa "fim", alhali sunan wata siririyar leda ce mai jeren hotuna da huji a gefe, wadda yawancin masu shirya finafinai na yanzu ba su taɓa riƙewa ba. Muna cewa "faifan bidiyo" ko da abin da muka kalla bai taɓa hawa faifai ba, kuma darakta yana cewa a yanke wani sashe duk da cewa almakashi da salatif sun daɗe da barin teburin edita. Saboda haka wasu suke kira da a share waɗannan kalmomi baki ɗaya.

Sauyin da suke nuni da shi gaskiya ne. Kamfanin Fujifilm ya daina yin ledar ɗaukar finafinai a 2013, sannan a 2016 kamfanin Funai na Japan ya dakatar da ƙera injin kallon kaset. Yawancin gidajen sinima yanzu fayil ake aiko musu, tare da mabuɗin sirri mai wa'adi.

Duk da haka, ban ga dalilin korar kalmar da ba ta ruɗa kowa ba. Editan da aka ce wa ya yanke ya san abin da ake nufi, ko da linzamin kwamfuta ne a hannunsa. Ita ledar ma ba ta mutu ba, domin da ita darakta Christopher Nolan ya ɗauki fim ɗin Oppenheimer na 2023.

Kalmar da ta fi damuna ita ce "saya". Wanda ya sayi kaset ko faifai ya mallaki abu: yana iya ara wa maƙwabci, ya sayar, ko ya bar wa 'ya'yansa. Wanda ya latsa "saya" a dandalin intanet kuwa, galibi izinin kallo kawai ya biya, kuma ranar da yarjejeniya ta ƙare tsakanin dandalin da masu fim, abin yana iya ɓacewa daga ma'ajiyarsa. A nan tsohuwar kalma tana yi wa ɗan kasuwa aiki, domin mutum yana ba da kuɗi da tunanin zamanin faifai. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta gane haka, shi ya sa a 2024 ta kafa dokar da ta tilasta wa masu sayarwa su fito fili su ce lasisi ne.

Haka kalmar "adana" take. Ledar da aka ajiye a wuri mai sanyi marar laima tana iya kai shekara 100, amma fayil sai an riƙa kwafe shi zuwa sabuwar ma'ajiya, ana tabbatar da cewa akwai manhajar da za ta buɗe shi. Furodusan da ya jefa rumbun kwamfuta guda a aljihun tebur yana ganin ya adana aikinsa, ya kamata a gaya masa cewa kwafi ɗaya ne tak a hannunsa, kuma yana iya ƙin buɗewa ranar da aka neme shi.