Dalilin da ya sa ba a tafiya da kofin gilashi ranar da aka hura shi

Duk ranar da masu hura gilashi suka bar jama'a su gwada da hannunsu, ba a rasa mai ƙorafi: ya hura kofinsa, jan wutar ya ɓace, amma an ce ya dawo gobe. Wasu na ganin jan rai ne, ai sai a tsoma shi a ruwa yadda maƙeri ke yi wa ƙarfe. Ba laifinsu ba ne, abin da muka saba gani ke nan a maƙera. Amma gilashi ba ya jure haka.

Ana ɗebo narkakken gilashi daga tanderu da zafi wajen digiri 1,100. In aka bar shi a iska, bayansa ke fara taurarewa alhali cikin na nan da zafi. Da cikin ya huce sai ya tsuke, ya riƙa jan bayan. Ido ba ya ganin wannan jan. Kofin na iya yin kwanaki lafiya lau, rannan ya tsage a kan tebur ba wanda ya taɓa shi.

Mai shayi a Samaru ya san ɗan'uwan wannan: da asubar hunturu, in ya zuba tafasasshen ruwa a kofin gilashi mai sanyi, sai ka ji ƙas.

Shi ya sa ana gamawa ake saka kofin a tanderu na biyu mai zafi kusan digiri 500, ya zauna har zafin ciki da waje su daidaita, sannan a rage wutar sannu a hankali har wayewar gari. Kofi mai kaurin gindi ya fi cin lokaci.