Ina nagatif ɗin iyayenmu?

A ɗakin duhun wanke hoto da muke haɗuwa a nan Manchesta, wani dattijon Bature ya zo da ambulan ɗauke da nagatif ɗin hotunan da mahaifinsa ya ɗauka a shekarun 1950, wato wankakken fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa. Ya sa ɗaya a na'urar faɗaɗa hoto, ya haska shi a kan takarda, ya tsoma takardar cikin sinadari. Muna tsaye ƙarƙashin jar fitila fuskar mahaifiyarsa ta fito tana budurwa, har zaren rigar sanyinta ana iya ƙirgawa. Sai ya juyo ya tambaye ni, ba da wata manufa ba, ko na iyayena suna wurina ne ko suna gida. Na rasa abin cewa, kuma tambayar ta yi mini ciwo.

Bari in ba ku hoton wurin. Ɗaki ne a ƙarƙashin wani tsohon gini, ba taga, ƙofa biyu a jere don kada haske ya kutso. Ga faranti uku a layi: ɗaya na fito da hoto, ɗaya na tsayar da shi, ɗaya na kafe shi. Ga igiya an shanya fina-finai da maƙalai. Kowace kwalba an rubuta mata ranar da aka haɗa ta. Masu zuwa akwai ɗalibai, akwai direban bas, akwai tsofaffin da suka yi ritaya, kuma ba wanda yake ci da wannan aikin. Kowa yana da fayil ɗin ajiya, ya yanka fim ɗinsa shida-shida ya jera cikin leda ta musamman, ya rubuta shekara da wuri. Kamfanin Ilford da ke yin fim ɗin HP5 da nake amfani da shi yana Mobberley, ba nisa da nan, kuma har yau yana aiki.

Abin da na koya a wurinsu shi ne nagatif shi ne hoton, takardar da ake ba ka kwafi ce kawai. A nan sun fi mu, ba zan yi musu ba. Mu kun san yadda muke yi: a karɓi hoto a tafi, ba wanda ke tambayar abin da ya rage a hannun mai hoto.

Amma kada wani ya ce mini sakaci ne kawai. Wanke fim baƙi-da-fari yana son ruwa mai zafin digiri 20. A nan ruwan famfo sanyi ne da shi, ɗan ɗumi kawai za ka ƙara masa. Mai hoto a gida fa, a watan Afrilu? Sai ya nemi ƙanƙara kafin ya fara, in ba haka ba sinadarin ya yi gaggawa ya ɓata masa aiki. In ya shanya fim da hunturu ƙura ta manne a jikinsa, kowace ƙwaya ta fito fari a fuskar mutum. In ya ajiye, damina ta kawo fumfuna, gara ta ci ambulan. A haka suka yi aiki mai kyau, da fim mai ɗauka 36 da ba a yi masa asarar ko ɗaya, domin abincin iyali ne. Abin da ake yi a nan don nishaɗi da kayan aiki cikakku, su sun yi shi da ƙwarewar hannu da ido.

Kuma inda aka ajiye, duniya ta gani. Seydou Keïta ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, ya adana nagatif ɗinsa, shi ya sa yau ake baje hotunansa a Faransa da Amurka. Malick Sidibé, shi ma ɗan Mali, ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin Benis a 2007. J.D. 'Okhai Ojeikere na Najeriya ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya shafe shekaru yana yi. Su wa suka san irinsu nawa muka yi a ƙasar Hausa, aka share aikinsu ranar da aka tashi shago?

Fim mai kala kuwa, ina wanke shi amma ba na ƙaunarsa. Tsarin wanke shi, C-41, wanda ya fito a 1972, yana son digiri 38 na minti uku da daƙiƙa 15, kuma ba ya yafe ko rabin digiri. Wahalar ba ita ce damuwata ba. Hoton baƙi-da-fari azurfa ce ta gaske a jikin fim, in an wanke da kyau ta wuce shekara 100. Mai kala rini ne, rini kuwa kodewa yake yi, zafi da haske suna ƙara masa sauri. Ku ɗauko hotunan gidanku na shekarun 1980, za ku ga sun koma ja-ja ko ruwan ƙasa. Sannan katin da masu wanke hoto suka daɗe suna daidaita kala da shi, wanda ake kira Shirley, hoton farar mace ne, sai a shekarun 1990 aka fara sa baƙar fata a ciki. Ba don fuskokinmu aka auna kayan ba tun farko. Shi ya sa mutum baƙi cikin fararen kaya yakan fito kayan na haske, fuskar ta nutse. Ni in zan ɗauki ɗan'uwa, daga fuskarsa nake auna haske, ba daga rigarsa ba.

Hoton mahaifina ɗaya nake da shi, mai kala ne, kuma yana kodewa a hannuna. 'Ya'yana da aka haifa a nan shi kaɗai suka sani a matsayin kakansu. Da akwai nagatif, da na wanke musu sabo a wannan ɗakin da hannuna.

Don Allah 'yan'uwa, wanda ya san tsohon mai hoto ko magadansa, ya je ya tambayi abin da ya rage. In kun samu, ku riƙe ta gefe, kada ku goge da tsumma ko ruwa. Ku raba su cikin ambulan na takarda, ku sa a wuri mai sanyi marar laima, nesa da rufin kwano. Ku kai wa tsofaffi su ɗaga a haske su faɗi sunayen mutanen ciki, ku rubuta a bayan ambulan.