Tekun Jidda ba ladabi gare shi ba, mai gadi gare shi

Duk baƙon da ya zo daga gida Najeriya aka kai shi Kornish, wato bakin tekun Jidda, da yamma, sai ka ji ya ce, "Kai, wannan teku akwai ladabi!" Musamman wanda ya zauna a Legas, ya ga yadda Atlantika ke dukan gaɓa ba dare ba rana. Ni dai ban yarda halin ruwan ba ne kaɗai.

Gaskiya Bahar Maliya matsattse ne, igiyarsa ba ta samun filin yin gudu. Amma babban sirrin yana ƙarƙashin ruwa. Duwatsun murjani, waɗanda wasu ƙananan halittun ruwa ke ginawa, sun yi jere gaban gaɓar, a nan da kuma can tsallake wajen Port Sudan da Sawakin. A kansu igiya ke fashewa, sai ta iso bakin yashi a gajiye. Wanda ya lura zai hango farin kumfa can nesa, gabansa kuma ruwa kwance lumui. Tsofaffin gidajen Balad, tsohon garin Jidda, ma da wannan dutse aka gina su.

Legas ba ta da irin wannan garkuwa, kuma mutum ya ƙara mata ciwo da hannunsa. Daga 1908 Turawan mulkin mallaka suka fara jera katangun dutse a mashigar tashar jiragen ruwa. Yashin da igiya ke kwasowa daga yamma zuwa gabas sai ya maƙale a bayansu. Bar Beach ta daina samun sabon yashi, teku kuwa bai daina ɗiba ba, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji an jibga wa sauyin yanayi laifin duka, kamar ba a san wanda ya tare hanyar yashin ba.

Ba wai sauyin yanayi ba ya ciki ba. Tun daga 1900 teku ya ƙaru da wajen santimita 20, kuma saurin yana daɗuwa. Mu nan Jidda abin tsoron zafi ne: ruwa in ya ɗumama fiye da kima, murjani ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu ya ruɓe. Ga kuma cike gaɓa da ake yi don gine-gine, wanda ke binne shi da ransa.

A Legas an gina wa Eko Atlantic, sabon birnin da aka cike teku aka kafa, doguwar katangar dutse. Jidda ma in ta kama za ta iya saye. Masuntan Ayetoro a jihar Ondo, waɗanda teku ke cinye wa gidaje layi bayan layi, su ne ba su da kuɗin dutse.