Ba tsautsayi ba ne, rashin horo ne

Don Allah a daina cewa tsautsayi ne. Tun jiya ake ta yaɗa bidiyon yaron nan da ya sako doki a guje wajen kilisar biki, ya nufi lambatu zai tsallake, dokin ya toge, shi kuma ya wuntsila ta kan wuyansa ya daki ƙasa da kafaɗa. Wannan ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wancan ya ce dokin ne mai mugun hali. Allah ya ba yaron lafiya, da zuciya ɗaya nake masa wannan addu'a. Amma duk wanda ya san doki, kallo ɗaya zai yi ya gane abin da ya faru. Ƙafarsa ta zurma cikin likkafa har dunduniya, jikinsa ya kwanta baya, hannunsa ya fizge linzami sama a daidai lokacin da dokin ke buƙatar miƙa wuya. Ƙaimi yana cewa tafi, linzami yana cewa tsaya. To me ake so dabba ta yi?

Matsalarmu ɗaya ce: ba ma horo. Doki yana ɗaure a turke wata da watanni, ana tura masa harawa da dusa da gero, babu mai motsa shi. Shi ma mahayin bai taka likkafa ba tun hawan sallar da ta wuce. Ranar biki sai a kwance ingarman da ƙarfi ya taru masa, a ɗora masa mutumin da cinyarsa ta manta sirdi, a sake su a kan kwalta cikin jama'a da yara. In aka kwashe lafiya a ce gwani ne, in aka faɗi a ce ƙaddara.

Na san za a ce mini ai mun gada. Eh, an gaji sirdi, an gaji jalala, an gaji sunan gida. Zaman sirdi kuwa ba a gadonsa. Kakannin da ake tinƙaho da su kullum suna kan doki, shi ne motarsu, shi ne abin yaƙinsu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko shi ya kafa wasan folo a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya kai matakin +7 a wasan da ƙololuwarsa 10 ce. Kuna tsammanin jinin sarauta ne ya kai shi can? Fili ne ya kai shi, da yawan hawa, da gumi. Mahaddacin da ya bar tilawa shekara guda ya san abin da zai tarar ranar da aka ce ya ja baƙi, haka hawan doki yake.

Kuma horon da nake magana ba wani abin al'ajabi ba ne. Fili shimfiɗaɗɗe mai taushi, kamar mita 20 a faɗi da mita 40 a tsawo, ya wadatar. Ka fara da tafiya ta minti goma, linzami a sake, jikin dokin ya warware. Sai sassarfa. Sai ƙaramar sukuwa wadda kai ke riƙe da ita, ba ita ke riƙe da kai ba. Ka yi da'ira ta dama, ka juyo ka yi ta hagu, domin kusan kowane doki yana da ɓangaren da ya fi masa tauri, kuma in ba ka yi aiki a kan ɓangaren nan ba, ranar da kake neman ya karkata ya kauce wa mutum ba zai karkata ba. Ka sauko daga sassarfa zuwa tafiya, ka tsaya cak, ka ja da baya taku uku, ka sake tashi. Ka maimaita har dokin ya fara jin ka ta nauyin zamanka da matsin ƙafarka kafin ma hannu ya taɓa bakinsa. Minti talatin zuwa arba'in ke nan da sassafe ko bayan la'asar, a ba shi hutun yini ɗaya a mako. Wannan aikin ne samarinmu ke rainawa saboda babu ihu, babu masu ɗaukar hoto, alhali shi ne hawan gaba ɗayansa.

Tsallake kuwa sai bayan wannan ya zauna. Ba da lambatu ake farawa ba, jama'a! Sanda ake shimfiɗawa a ƙasa, doki ya taka ya wuce a tafiya. Sai a jera uku ko huɗu, tsakaninsu kamar mita ɗaya da ɗan ɗoriya, ya bi ta kansu da sassarfa, ya koyi ɗaga ƙafa da auna taku. Sai a ɗaga sandar kaɗan, ƙasa da gwiwa. Ko ƙwararru ba sa tsallake mai tsawo kullum, sau ɗaya ko biyu a mako suke yi don kada gaɓoɓin doki su lalace, sauran kwanakin duk aikin fili ne. Shi ma zaman tsallake ilimi ne. Wani hafsan sojan doki na Italiya, Federico Caprilli, wanda ya rasu a 1907, shi ya lura cewa mahayin da ke kwanciya baya yana cutar da baki da bayan dokinsa, ya koyar da a rage tsawon likkafa, a ɗan tashi daga sirdi, a rusuna gaba, hannu ya bi wuyan doki. Sama da shekara ɗari ke nan duniya na tsallake a haka. Yaron namu ya yi akasin kowane ɗaya daga cikinsu, kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai, babu wanda ya taɓa nuna masa.

Wani zai ce wannan ai hawan Turawa ne, namu daban. Haba Malam! Wanda zai sako doki a jahi ya zo gaban Sarki ya tsaya, da me zai tsaya in bai koyi tsayawa ba? Da yage bakin doki? Doki doki ne, ko a Kano ko a Biyana. A can makarantar hawa ta Biyana, ƙasar Ostiriya, sabon ɗalibi sai ya daɗe yana zagaye a kan doki ba likkafa ba linzami a hannunsa, malami na riƙe da doguwar igiya, har sai zamansa ya kafu. Nick Skelton na Birtaniya ya karya wuya a 2000, ya dawo fili, ya ci zinariyar tsallake a gasar Olamfik ta Riyo a 2016 yana da shekara 58. Mu kuma yaro ya yi hawa biyu ya fi ƙarfin a gyara masa.

Kada kuma a ce babu kuɗi. Wanda ya iya sayen kayan ado na doki bai rasa kuɗin gora huɗu ba. A 2024 UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin al'adun duniya, duk muka yi murna. Ina son abin nan har raina, shi ya sa nake jin zafi in na ga mahayi yana rawa a kan sirdi, hannunsa na neman abin kamawa.

Af, sai ku masu ba da hayar dawaki. Ku ji tsoron Allah. Doki ɗaya ya yi biki uku a yini, daga wannan hannu zuwa wancan, ba ruwa ba inuwa. Ku ɗaga sirdi ku duba gadon bayansa, ku duba inda majanyi ke kamawa, ku buɗe bakinsa ku ga abin da linzamin nan mai kaifi ya yi masa. Kofato ma an bar shi ya yi tsawo yana tsagewa a kan kwalta.